Murya ko bidiyo: wanne ya fi kai darasi ga ɗalibin da ke karatu daga nesa?

MalaminƘididdiga:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema daga waɗanda suka riga ni shiga koyarwa ta intanet, kuma idan akwai ɗalibai a nan, na fi son jin ta bakinsu.

Ina koyar da ƙididdiga ga 'yan shekara ta biyu a sashen karatu daga nesa na wata jami'a a nan Arewa. Ɗalibaina ba yara ba ne. Akwai malaman firamare, da ma'aikatan jinya, da 'yan sanda, da matan aure da ba su da halin barin gida su tare a makaranta, har da wani ɗan kasuwa da yake amsa mini saƙo daga cikin shagonsa a Kantin Kwari. Wasu sun girme ni nesa ba kusa ba. Yawancinsu ba na ganin fuskarsu sai ranar jarrabawa.

Bana aka ce kowane kwas sai an sa masa murya ko bidiyo a shafin karatu, takarda kaɗai ba ta isa ba. Ni ban ƙi wannan ba, asali ma na daɗe ina fatan a yi. Ƙididdiga ba a karanta ta kamar labari. In ina gaban aji, hannuna ne yake rabin koyarwar: in jera alƙaluma, in tara su a gefe, in ja layi, in nuna inda wannan lamba ta fito da dalilin da ya sa aka raba ta da waccan. Takardar darasi ba ta nuna wa ɗalibi komai sai aikin da aka riga aka gama. Yadda aka bi aka kai can kuwa sai an gani, kuma masu iya magana sun ce gani ya kori ji.

Abin da nake yi yanzu shi ne lacca kai tsaye ta Zoom duk ranar Asabar da hantsi, sai in naɗe ta in ɗora a shafin. Masu zuwa ba su kai sulusin ajin ba. Waɗanda suka zo ɗin ma sabis yana ta fitar da su yana dawo da su, wani ya ɗaga hannu da tambaya, kafin in waiwayo ya ɓace. Ga shi Zoom na kyauta yana yanke taro da zarar ya kai minti 40, sai mun sake haɗuwa, kuma ba duka ke dawowa ba. Shi kuma naɗin da nake ɗorawa, shafin yana nuna mini waɗanda suka buɗe shi, kuma 'yan tsiraru ne. A jarrabawar gwaji da muka yi, tambayoyin da na fi daɗewa a kansu a cikin bidiyon su aka fi faɗi. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Wani abokin aikina ya ce in bar bidiyo kwata-kwata in riƙa tura saƙon murya ta WhatsApp. Haka yake yi a darasinsa na tarihin ilimi, kuma ɗalibansa suna yabawa. To amma tarihi daban, lissafi daban. Ta yaya zan karanto wa mutum jadawali mai layi goma da baki ya fahimta? Wani kuma ya ce bidiyona ne bai ƙayatar ba, in nemi mai kyamara da fitilu a yi mini shi irin na talabijin. Kuɗin wannan ba ni da su, kuma zuciyata ba ta ba ni cewa nan cutar take ba.

Don Allah wanda ya san hanya ya nuna mini. Wane darasi ne ya cancanci bidiyo, wanne ne murya ta ishe shi? Tsawon minti nawa? Da wane kaya, ga mutumin da abin da ya mallaka waya ce da tsohuwar kwamfuta? Ita kuma laccar kai tsaye, in ci gaba da ita ko in haƙura? Mutanen nan da guminsu suke biyan kuɗin makaranta, ba na son su biya su tashi a tutar babu.

MamanYara_Gusau:

Wa'alaikumus salam Malam. Allah ya saka da alheri da ka damu har ka tambaya. Ni ba ɗalibarka ba ce, amma irin karatun nake yi, ina shekara ta uku, kuma aikin jinya nake yi a Gusau. Bari in gaya maka yadda darasinku yake iso mu.

Asabar da hantsi ina asibiti in aikin safe ya faɗo kaina. In kuma ina gida, to wanki ne da girki da kitson yara. Ba raini ne yake hana mu zuwa ba. Ko na samu na shiga, awa ɗaya a Zoom da kyamarori a buɗe sai ta lashe datar da na saya don mako guda, wayar ta ɗauki zafi, caji ya ƙare, ga ba wuta. Tun da aka ƙara kuɗin kira da na data a farkon 2025, ni dai sai na duba nauyin abu kafin in taɓa shi. In na ga an rubuta megabait 600, wallahi Malam ba na buɗewa. Ko ina da datar, wayata ba ta da wurin ajiye shi sai na goge hotunan yara.

Yadda nake yi shi ne in sayi datar dare mai arha, in sa ƙararrawa in tashi ƙarfe ɗaya, in sauke duk abin da aka ɗora na wannan makon, in koma barci. Saboda haka roƙona na farko, duk abin da za ka ɗora ya zama wanda ake iya saukewa a ajiye. Akwai malaman da suke sa bidiyo ta yadda sai dai a kalle shi a kan intanet, sabis na tsayawa sai a koma farko, data ta tafi a banza. Mu a Zamfara ba mu manta da Satumbar 2021 ba, da aka rufe layukan waya gaba ɗaya saboda matsalar tsaro, aka yi makonni sai mutum ya yi tafiya zuwa wata jiha kafin ya buga waya. Haka ma Oktoban 2024 da Arewa ta kwashe kwanaki cikin duhu. A irin wannan hali wanda darasinsa ke cikin waya shi ke ci gaba da karatu. Kuma in abu yana saukuwa, mutum ɗaya ya isa ya sauke, sauranmu mu karɓa ta Xender in mun haɗu a wurin aiki.

Murya tana da abin da bidiyo ba shi da shi: hannuna da idona suna wani aiki, kunnena yana wajen malam. Ina sa iyafis ina yanka alayyafo, ina ji a cikin adaidaita sahu a hanyar asibiti, ina ji a aikin dare in marasa lafiya sun samu barci. Darasi ɗaya sai in ta maimaita shi har ya zauna. Bidiyo kuwa sai na zauna na ba shi lokacinsa shi kaɗai, kuma wannan lokacin a wurina bai wuce bayan isha'i ba in yara sun kwanta, minti ashirin ko talatin kafin barci ya kwashe ni.

Amma maganarka a kan lissafi gaskiya ce. Mun yi kwas irin naka bara, aka riƙa karanto mana alƙaluma da baki a saƙon murya, ban tsinci komai ba. Wanda ya cece ni wani ɗan ajinmu ne, malamin lissafi a wata sakandare. Yakan ɗauki hannunsa da waya yana warware tambaya ɗaya a takarda, minti biyar, ya turo mana. Ba mu taɓa ganin fuskarsa a ciki ba, hannu ne kawai da murya. Da wannan na ci kwas ɗin.

Sai abu ɗaya da ba a cika faɗa wa malamai ba. In za a yi kai tsaye, kada a tilasta mana buɗe kyamara. Ɗakina ɗaya ne da yara, kuma ni da maigidana ba ma son a naɗi fuskata da cikin ɗakina a ɗora inda ban san wanda zai gani ba. Mata da yawa a ajinmu abin da ya sa suka daina shiga ke nan, sun dai yi shiru ne.

MaiHaɗaBidiyo:

Malam barka da ƙoƙari. Hajiya ta gama magana, ni lissafin zan ƙara, tunda sana'ata ke nan. Ina haɗa bidiyo da sauti a Kano, daga na biki har na makarantu.

Muryar mutum ɗaya tana fita ras a kilobit 32 a daƙiƙa, in an adana ta a layi ɗaya, ba biyu irin na waƙa ba. Kai malamin lissafi ne, ka ninka da kanka: awa guda megabait 14 ne da 'yan kai, minti 20 bai cika megabait 5 ba. Kyamarar waya kuwa in ka bar ta yadda ta zo daga kamfani, a kan girman hoto na 1080, wayoyi da yawa suna cin sama da megabait 100 a minti ɗaya. Wato minti ɗaya na irin wannan bidiyon ya fi awa shida na murya nauyi. Naɗin Zoom bai kai haka ba, amma lacca doguwa ɗaruruwan megabait ce.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne nauyin bidiyo daga motsi yake zuwa. Manhajar da ke matse bidiyo ba ta adana kowane hoto cikakkensa, yawanci abin da ya canza tsakanin wannan hoto da na gaba take adanawa. Mutum a tsaye gaban allo yana kai da kawowa, riga na motsi, kyamara na rawa a hannun wani, komai yana canzawa, dole ya yi nauyi. Farar takarda a kan tebur da hannu yana rubutu a hankali, kusan ba abin da ke canzawa. Shi ya sa dabarar ɗan ajin su Hajiya ita ce mafi arha, kuma ga darasinka ita ce mafi amfani.

Ka jera littattafai masu kauri gida biyu, ka gitta ɗan katako a kai, ka kwantar da wayar, kyamara tana kallon ƙasa. Ka ɗauka a kwance, ba a tsaye ba. Ka rubuta da baƙar maka, don rubutun biro yana ɓacewa in an matse bidiyo, kuma ka yi shi manya-manya, tunda a fuskar ƙaramar waya za a kalla, wata ma a tsage. Ka zauna kusa da taga da safe, hasken ya zo ta hagu in da dama kake rubutu, don kada inuwar hannunka ta rufe alƙaluma. Kafin ka fara, ka danna fuskar wayar ka riƙe har idon kyamarar ya kafe a kan takardar. In ba ka yi haka ba, duk sanda hannunka ya shigo sai hoton ya dushe ya dawo. In ka gama ka sa shi a HandBrake, manhajar matse bidiyo ce ta kyauta, ka sauko da girman hoton zuwa 480. Minti takwas na irin wannan ina fitar da shi tsakanin megabait 15 da 25, kuma rubutu na karantuwa. In akwai abin da za ka nuna a kwamfuta, kamar yadda ake lissafi a Excel, OBS Studio tana naɗar fuskar kwamfuta, ita ma kyauta.

Wanda ya ce ka nemi fitilu, ka yi masa godiya ka wuce. Mutane suna haƙuri da hoto mai hazo, ba sa haƙuri da sautin da ba a ji. In kana da 'yan kuɗi, ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuyan riga za ka saya, ko ka yi da na iyafis, kamar taƙi ɗaya daga bakinka. Ofis mai tayil da bango tsirara yana amsa amo, ɗakin kwana mai katifa da labule da darduma ya fi shi nesa. Ka kashe fanka ko da zafi. Ni bayan asuba nake naɗar murya, in an idar da sallah lasifikoki sun yi shiru, kafin babura su fito, kafin maƙwabci ya tayar da janareta. Ka bar daƙiƙa biyar na shiru a farko, manhajar gyaran sauti ta Audacity za ta ɗauki samfurin ƙarar ɗakin daga nan ta rage ta a sauran. In harshe ya yi tuntuɓe kada ka koma farko, ka gyara ka ci gaba yadda kake yi a aji.

Maganar tsawo: a 2014 wani mai bincike, Philip Guo, da abokan aikinsa sun duba kallo miliyan 6.9 a kwasa-kwasai huɗu na edX, wani shafin karatu ta intanet. Sun samu cewa komai tsawon bidiyo, yawancin masu kallo ba sa wuce kimanin minti shida, kuma bidiyon da ake ganin ana rubutu a cikinsa ya fi riƙe mutane a kan allunan da aka riga aka shirya. Laccar aji da aka yayyanka ma ba ta kai wanda aka shirya musamman don kallo ba. Ni shawarata, tambaya ɗaya bidiyo ɗaya.

Ka ɗora a shafin jami'a don shi ne na hukuma, amma ka buɗe tasha a Telegram wadda kai kaɗai ke sa abu. A zauren WhatsApp darasi yana nutsewa tsakanin barka da Juma'a da sanarwar suna. In dole ta WhatsApp ne, ka tura shi a matsayin fayil don kada ta sake matse shi rubutu ya dagule. Kuma ka rubuta makon da batun da tsawon da nauyin a jikin sunan kowane fayil, don Hajiya ta sani kafin ta taɓa.

TsohonMalami_Zariya:

Salamu alaikum. Na karanta duka, kuma na ji daɗi. Ni na yi ritaya, amma na yi shekaru ina koyar da malaman firamare masu karatu daga nesa a cibiyoyin ƙarshen mako, tun ba waya ba intanet, sai ɗaurin littattafai da ake kawowa daga Kaduna. A 1976 aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, shekarar da aka fara shirin ilimin firamare ga kowa, saboda azuzuwa sun cika da yara, ƙwararrun malamai kuma ba su isa ba. Don haka, ɗana, tambayarka ta daɗe a duniya, kuma an taɓa ba ta amsa.

A Ingila akwai Open University, wadda aka kafa a 1969, ta fara karatu a Janairun 1971 da ɗalibai kimanin 25,000, BBC tana watsa mata darussa a rediyo da talabijin. Da Harold Wilson, wanda daga baya ya zama firaministan Birtaniya, ya kawo shawarar a 1963, tunaninsa jami'a ce da za ta koyar ta kan iska. Da aiki ya kankama, abin da ya ɗauki nauyin karatun shi ne littafin darasi da ake aikawa ta gidan waya, da malamin da ke duba aikin ɗalibi ya rubuta masa gyara. Shirye-shiryen rediyo da talabijin ɗan kaso ne na lokacin ɗalibi, kuma sau da yawa da sassafe ko cikin dare ake sa su. Da kaset ya zo ya yi arha, ɗalibai suka fi son sa a kan rediyo, saboda suna iya tsayarwa su mayar baya, su ji lokacin da suka samu sarari. Abin da 'yata ta Gusau take roƙo ke nan, ba wani abu ba.

Hanyar da nake so ka ɗauka daga gare su ita ce wadda suka yi amfani da ita har a darussan lissafi: kaset tare da takarda. Ɗalibi ya buɗe shafi a gabansa, malam yana magana a kunnensa. Dubi jadawali na biyu, layi na uku, ka ga 45? To tsayar da kaset ɗin, ka tara ginshiƙin nan duka, in ka gama ka kunna mu ga ko mun dace. Ka ga amsar tambayarka ta jadawali mai layi goma. Ba za ka karanto shi da baki ba, yana gabansa, kai jagora kawai kake yi masa a ciki. Idonsa na kan takarda, kunnensa na wurinka, biro na hannunsa. A yau wannan takarda ce mai shafi biyu da murya ta minti 15, kuma a lissafin mai haɗa bidiyo duka biyun ba su wuce megabait 5 ba. In ɗalibi zai iya kai takardar a buga masa ya fi, don ya samu wurin rubutu. Ka sa wa kowane jadawali da kowane layi lamba don ka iya kiran sa.

Akwai inda na ɗan saɓa da mai haɗa bidiyo. Binciken da ya kawo, abin da aka fi aunawa a ciki shi ne tsawon kallo, ba abin da ya zauna a kai ba. Kuma waɗancan kwasa-kwasai kyauta ne, mutum ya shiga ya fita yadda ya ga dama. Malamar firamare da ta biya kuɗinta tana jiran ƙarin girma a wurin aiki za ta jure minti goma sha biyu in abin ya cancanta. Kada ka yanke bayani a tsakiya don a ce bai wuce shida ba.

Abin da na fi ji maka tsoro ma shi ne bidiyon da ya yi kyau. Ɗalibi ya kalli malam ya warware tambaya sumul, ya gyaɗa kai, ya kwanta yana ganin ya iya. Sai ranar jarrabawa an canza alƙaluma ya rasa ta inda zai fara. Na sha ganin haka tun zamanin allo da alli. Gani ya kori ji, na yarda, amma a lissafi ganin bai wadatar ba sai hannu ya yi. Kowane bidiyo ya ƙare da 'yar'uwar tambayar da ka warware, da wasu alƙaluma daban, kuma kada ka ba da amsa sai sun turo tasu, ko da hoton takarda ne.

Laccar kai tsaye kuma kada ka soke ta. A abin da na gani, kaɗaici ya fi wuyar darasi fitar da ɗalibin nesa daga karatu. Mutum yana fama shi kaɗai, bai san akwai wasu ashirin da suka maƙale a inda ya maƙale ba. Ka daina koyar da sabon abu a cikinta, ka mayar da ita zaman tambaya da amsa.

ƊalibiMaiLalurarGani:

Malam, ni makaho ne, ina digiri daga nesa, kuma wayata ce ta karanto mini wannan zaren da TalkBack. Na ji kowa ya karkata ga bidiyon hannu, kuma ban ƙi ba. Roƙona ɗaya ne. Malamai in suna rubutu sukan ce "sai ka tara wannan da wannan, ka raba da wancan." A wurina wannan daidai yake da shiru. Don Allah ka faɗi abin da hannunka ke yi: tara 12 da 18, ya ba da 30, raba shi da 2. Daƙiƙa kaɗan zai ƙara maka, kuma wanda fuskar wayarsa ta tsage, da Hajiya in ta ɗauke ido ta duba tukunya, su ma za su amfana.

Takardar da Baba ya ambata kuma, in hoton shafi aka ɗauka aka mayar PDF, wayata ba ta ganin komai a ciki. A buga ta a kwamfuta a fitar da ita kai tsaye, sai rubutun ya karantu.

Ina da aboki kurma a wani sashen, shi kuma matsalarsa kishiyar tawa ce. Saƙon murya ba ya yi masa komai, kuma rubutun da YouTube ke fitarwa da kanta a ƙasan bidiyo yakan kwafsa a kan yadda muke furuci, musamman a kalmomin fanni. In malam yana da rubutaccen abin da ya faɗa, ko da a taƙaice, ya ɗora tare. Tun Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci a Najeriya, amma na lura yawancin malamai ba ƙi suke yi ba, ba su san muna cikin ajin ba ne. Ka tambaya a farkon zango, ta saƙon sirri, ko akwai mai irin lalurarmu.

MalaminƘididdiga:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Hanyar murya tare da takarda ita ce abin da na rasa, kuma na ga yadda za ta ɗauke mini fiye da rabin kwas ɗin: karanta jadawali, fassara zane, bambance nau'o'in samfuri, duk wannan ba ya buƙatar a ga hannuna. Bidiyo zan bar wa inda tsarin matakai ne darasin kansa, kamar fitar da matsakaici daga alƙaluman da aka kasa rukuni-rukuni, da auna yadda suka warwatsu, da duba jadawalin zanen nan na ƙididdiga mai siffar ƙararrawa, wanda duk shekara a nan ake zubewa. A kan tsawo ina tsakanin Baba da mai haɗa bidiyo. Tambaya ɗaya bidiyo ɗaya, amma in ta ci minti goma zan bar ta ta ci.

Ɗan'uwa mai lalurar gani, na ji, kuma na ɗauka. Zan faɗi kowace lamba da baki, zan kuma aika saƙon tambayar a makon farko. Da ma sai na rubuta abin da zan faɗa a taƙaice kafin in naɗa, don haka ɗora shi tare ba wani aiki ba ne.

Laccar Asabar za ta koma zaman tambaya na rabin awa, kyamarori a rufe, ni kaɗai zan nuna takarda in an buƙata. Murya kawai zan naɗa, kuma zan sanar kafin in fara. Wanda ba zai samu zuwa ba ya turo tambayarsa tun kafin ranar.

Saura abu biyu. Da Turanci muke koyarwa, da shi ake jarrabawa, kuma a ajin akwai Yarbawa da Ibo da Tibi da wasu da ba sa jin Hausa. Amma na sha gani a aji cewa wani bayanin in na maimaita shi da Hausa minti biyu, fuskoki da yawa suke washewa. Ina tunanin in riƙa yin 'yar gajeriyar murya ta Hausa a kan wurare masu wuya, sai dai ina gudun kada a ga na fifita wasu. Na biyu, Hajiya, in Asabar da hantsi ba ta yi ba, wane lokaci ne mai aiki da iyali zai iya?

MamanYara_Gusau:

Malam ka yi ta Hausar, amma fayil daban, a rubuta a sunansa cewa Hausa ce, kuma kada a sa wani sabon abu a ciki da babu shi a na Turancin. In haka ne ba wanda aka cuta. A ajinmu ma 'yan wasu yarukan suna yi wa junansu irin wannan. Sai dai kalmomin da za su fito a jarrabawa ka bar su yadda za mu gan su a takardar tambaya.

Lokaci kuma ba wanda zai yi wa kowa daidai, tunda mu masu jinya da 'yan sanda aikinmu juyawa yake. A wurina ƙarfe tara na dare ya fi, bayan isha'i da abinci, kuma sabis ya ɗan fi tsayawa. Lahadi da safe 'yan'uwanmu Kirista suna coci, Juma'a da rana kuma ka sani. Ka sa ƙuri'a a zauren ajinka da lokuta uku, ka riƙa karɓa-karɓa tsakanin biyun da suka fi samun goyon baya, mako wannan mako wancan.